Tarihin bitamin B12: abin da aka gano cikin hanta da nono

A ƙasarmu in aka ce wane ba ya cin nama, kowa ya san dalili: babu ce ta hana shi. Amma a wasu ƙasashe akwai mutanen da ke da kuɗin sayen sa guda, kuma sun bar nama da gangan. Wasunsu har nono da ƙwai sun bari. Mutum yana iya zama lafiya da abin da ƙasa ta tsirar kaɗai? An daɗe ana wannan gardama. Amsar ta fito ne daga tarihin wani ciwo da ya yi ta kashe mutane a ƙasashen Turawa, har aka samo maganinsa cikin hanta. Tarihin ya shafe mu, domin tukunyar talaka takan yi watanni ba ta ga nama ba.

Ciwon da ba ya jin magani

A shekarar 1855 wani likita na birnin Landan, a ƙasar Ingila, mai suna Thomas Addison, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya ga yana kama manya, musamman waɗanda suka fara tsufa. Mutum sai ya yi ta rasa ƙarfi sannu sannu. Jikinsa ya yi fari fat kamar an tsotse masa jini. In ya yi ƴar tafiya sai haki. Likitocin da suka biyo baya suka ƙara lura da wasu alamu. Harshen mai ciwon yakan yi ja, ya yi sumul, yana zafi. Tafin hannu da na ƙafa su riƙa yi masa kamar ana tsira masa allura, daga baya su mutu. Tafiya ta zama tangaɗi. Wani ma hankalinsa yakan rikice.

A 1872 wani likita Bajamushe, Anton Biermer, ya sa wa ciwon suna mai nufin ƙarancin jini mai halakarwa. Sunan ya dace. Wanda ciwon ya kama, da wuya ya wuce ƴan shekaru. Likitoci suka gwada magunguna iri iri, suka gwada ƙarin jini, duk a banza. Mai kuɗi da talaka, ɗaya ne. Haka aka zauna shekara 70 bayan rubutun Addison, an san ciwo ba a san magani ba.

Karnuka da hanta

Haske ya fara ɓullowa daga ƙasar Amurka. Wajen 1920 wani likita, George Whipple, tare da wata mace mai bincike, Frieda Robscheit-Robbins, suna gwaji da karnuka. Sukan ɗebe wa kare jini har ya yi rauni. Sa'an nan su ba wannan kare abinci kaza, su ba wancan abinci kaza, su ga wanda jininsa zai riga dawowa. Suka gwada burodi, suka gwada ganye, suka gwada tsoka. Babu abin da ya kai hanta saurin mayar da jini.

Labari ya kai kunnen wani likita a birnin Bostan, George Minot. Shi kansa Minot ya san zafin ciwon da ba shi da magani. A 1921 ciwon sukari ya kama shi, a lokacin da ciwon sukari ke kisa ba makawa. Allurar insulin da aka gano a wannan tsakanin ita ta zama sanadin tsirarsa. Da ya murmure sai ya koma kan aikinsa. Shi da abokinsa William Murphy suka ce bari su gwada hanta a kan masu ƙarancin jini mai halakarwa.

Suka riƙa ba kowane majinyaci hanta giram 120 zuwa 240 kullum, wato har kusan kwatan kilo, ɗanya ko kuwa an ɗan nuna mata wuta. Ku duba fa: mutumin da harshensa ke zafi, ba ya son ganin abinci, a ce ya haɗiye kwatan kilo na hanta yau, gobe, jibi, ba fashi. Abin da wuya. Amma cikin mako biyu sai sabon jini ya fara bayyana. Waɗanda aka fid da rai da su suka tashi zaune, suka nemi abinci. A 1926 Minot da Murphy suka ba da labarin mutum 45 da suka yi wa wannan magani, galibinsu sun samu sauƙi ƙwarai. A 1934 aka ba Whipple da Minot da Murphy kyautar Nobel, babbar kyautar masu ilimi ta duniya.

Daga baya aka gane wani abin mamaki. Abin da ya warkar da karnukan Whipple, ƙarfen da ke cikin hanta ne, wanda jiki ke gina jini da shi. Abin da ya warkar da mutanen Minot kuwa wani abu ne dabam. Hanta ce ta haɗa su biyu. An bi sawun wani, an kama wani.

Likitan da ya yi gwaji da cikinsa

Tambaya ta rage. Waɗannan majinyata, da yawansu suna cin nama tun dā. Me ya sa naman bai tsare su ba, sai hanta mai yawa haka?

Wani saurayin likita a Bostan, William Castle, ya lura cewa tumbin masu wannan ciwo ya lalace, ba ya fitar da ruwan narkar da abinci kamar na mai lafiya. Sai ya yi wata dabara da ba kowa zai iya ba. Da safe yakan ci niƙaƙƙen naman sa. Bayan sa'a guda sai ya dawo da shi daga cikinsa, ya ba majinyata ta siririn tiyo da ake zurawa har tumbi. Wanda aka ba nama zalla bai samu sauƙi ba. Wanda aka ba ruwan tumbin mai lafiya zalla, shi ma bai samu ba. Amma da aka haɗa nama da ruwan tumbi, sai jini ya dawo.

A 1929 Castle ya bayyana abin da ya gani. Abu biyu ne ke aiki tare: ɗaya yana cikin abinci, ɗaya tumbin mutum ne ke yin sa. Na cikin tumbi shi ne ɗan rakiya. Shi ke kama hannun na cikin abinci, ya kai shi ƙarshen ƙaramin hanji, inda yake shiga jini. Masu ƙarancin jini mai halakarwa ɗan rakiya suka rasa. Hanta ta cece su ne don abin ya yi yawa a cikinta ainun, har ɗan kaɗan yakan ratsa ya shiga jini ko babu rakiya.

Ɗan jan gari

Mene ne wannan abu na cikin hanta? Masana suka yi fiye da shekara 20 suna tafasawa, suna tacewa, suna nema. Wahalar ita ce ƙanƙantarsa. Hanta kilo 1,000 ba ta ƙunshi giram ɗaya na wannan abu ba. Wata mace mai bincike a Amurka, Mary Shorb, ta sauƙaƙa aikin a 1947. Ta samo wata ƙaramar halitta, irin waɗanda ido ba ya gani, wadda ba ta yaɗuwa sai in an ba ta abin. Da ita aka riƙa gane ruwan hantar da ke ɗauke da shi da wanda babu.

A 1948 aka dace. Karl Folkers da mutanensa a kamfanin Merck na Amurka, da Lester Smith a kamfanin Glaxo na Ingila, kowa ya fitar da shi, ƴan makonni tsakani. Ɗan gari ne ja wur. Da aka yi wa majinyata allurarsa, ɗigon da ido ba ya ko gani ya yi aikin da tarin hanta ke yi. Aka huta da haɗiyar ɗanyar hanta.

Tun 1912 wani masani ɗan ƙasar Polan, Casimir Funk, ya ƙago kalmar bitamin. Bitamin wasu abubuwa ne da ke cikin abinci ƙanana ƙwarai. Ba su ƙosarwa, amma in babu su jiki ba ya tafiya daidai, kamar gishiri a miya. Ana ba su sunaye da baƙaƙe: A, B, C, D. Wannan jan gari aka sa masa B12. Aikinsa biyu ne: yana taimakon ɓargo wajen yin jini, yana kuma tsare jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Shi ya sa rashinsa ke kawo rashin jini da mutuwar ƙafa gaba ɗaya.

Wata Baturiyar Ingila, Dorothy Hodgkin, wadda aka haifa a Alƙahira ta Masar a 1910, ita ta gano yadda ƙirarsa take, wajen 1955 zuwa 1956. An ba ta kyautar Nobel a 1964, labarin kuwa a ƙasar Gana ya iske ta, inda mijinta ke aiki a jami'a.

Abin da babban mutum ke bukata a rana shi ne mikrogiram 2.4. Mikrogiram kuwa, a raba giram ɗaya kashi miliyan, a ɗauki kashi ɗaya. In aka tara abin da mutum ke bukata cikin shekara 70, nauyinsa bai wuce na ƙwayar dawa biyu ko uku ba. Amma rashin wannan ɗan abu yana kwantar da ƙato.

Daga ina dabba ke samun sa?

Saniya ciyawa take ci, ciyawa kuwa ba ta da B12. To, daga ina ya shiga hantarta da nononta? Amsar ta zo daga makiyayan Ostireliya, wata ƙasa mai nisa can gabas, mai tumaki da yawa. A wasu yankuna na ƙasar, tumaki sukan rame su mutu alhali suna tsaye cikin ciyawa shar. In aka kai su wani yanki sai su murmure. A 1935 masanan ƙasar suka gano cewa ƙasar waɗannan wurare ba ta da wani ƙarfe da ake kira kobal. Da aka ba tumakin ɗan kaɗan, suka warke.

Bayan 1948 aka ga cewa a tsakiyar B12 akwai kobal. Sai magana ta haɗu. Cikin tumbin saniya da tunkiya da akuya da raƙumi akwai ƙananan halittu ba iyaka. Su ne ke ɗaukar kobal na cikin ciyawa su ƙera B12, dabba ta amfana, ta ajiye a hanta da tsoka, ta zuba a nono. Ashe ba dabba ke yin sa ba, ba tsiro ke yin sa ba. Ƙananan halittun nan kaɗai ke yin sa.

Mutum ma yana da irinsu a babban hanji, kuma suna yin B12. Sai dai wurin ya wuce ƙofar da bitamin ɗin ke shiga jini, don haka yakan fita da bayan gida, ba ya amfanar mai shi. Dole mutum ya samu nasa ta baki.

Wannan sani ya buɗe wata hanya. Tun da ƙananan halittu ke yin sa, sai kamfanoni suka riƙa kiwon su cikin manyan tankuna, suna tace B12 daga ruwan. B12 da ke cikin ƙwayar magani da allura a yau ta haka ake samun sa, ba a yanka ko kaza ba.

Masu barin nama da gangan

Yanzu mu koma ga mutanen da muka fara ambata. A ƙasar Indiya, tun fiye da shekara 2,000, akwai jama'a masu yawa da addininsu ya hana su kashe dabba don ci. Amma ba su bar nono ba. Madara da kindirmo da man shanu suna cikin abincinsu na kullum.

Mahatma Gandhi, jagoran neman ƴancin Indiya, ya so ya wuce nan. Bai tashi da cin nama ba. A 1912, yana zaune a Afirka ta Kudu, ya bar shan nono don tausayin yadda ake wahalar da shanu wajen tatsa, har ya yi alkawari. A 1918 ciwon atuni mai tsanani ya kwantar da shi. Likita ya ce masa ƙarfinsa ba zai dawo ba sai da nono. Gandhi ya ce ya riga ya yi alkawari. Sai matarsa Kasturba ta tuna masa cewa nonon saniya da na ɓauna ya yi wa alkawari, bai ambaci akuya ba. Ya yarda, ba da son ransa ba. Ya ci gaba da shan nonon akuya har rasuwarsa a 1948, shekarar da aka fitar da jan garin nan.

A Ingila an kafa ƙungiyar masu barin nama a 1847. Su ma galibinsu suna shan nono, suna cin ƙwai. Amma cikinsu akwai wani malamin koyar da sassaƙa, Donald Watson. Tun yana yaro ya ga ana yanka alade a gonar danginsu, abin ya tsaya masa a rai, ya bar nama yana ɗan shekara 14. Daga baya ya ce ai nono ma ba a samun sa sai an raba ɗan maraƙi da uwarsa. A watan Nuwamba na 1944 shi da abokansa ƙalilan suka kafa sabuwar ƙungiya, suka kira kansu bigan. Ba nama, ba kifi, ba nono, ba ƙwai. Ƴar jaridarsu ta farko mutum 25 ne suka yi rajistar karɓarta.

Ku lura da shekarun. An kafa ƙungiyar a 1944, an gano B12 a 1948. Bigan na farko sun shiga hanyar ba su san akwai rami a gaba ba. Kuma ramin ba ya bayyana da wuri, domin hantar mutum takan ajiye B12 da zai ishe shi shekaru uku ko fiye. Wanda ya bar abincin dabba yakan ji garau shekarar farko da ta biyu, yana ci daga rumbu bai sani ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A 1955 wani masanin abinci, Frank Wokes, da abokansa biyu suka ba da labarin bigan na Ingila da suka auna. Suka iske B12 ya yi ƙasa a jinin da yawansu. Wasu harshensu na zafi, wasu hannu da ƙafa na yi musu tsira. Akwai kuma wani tarko. Ganyen da suke ci da yawa yana da wani bitamin mai taimakon jini, wanda kan rufe alamar rashin jini. Sai mutum ya ga jininsa lafiya lau, alhali jijiyoyinsa na lalacewa a ɓoye. Jijiya kuwa in ta daɗe da lalacewa, ba kullum take komawa daidai ba.

Bigan ba su bar hanyarsu ba, amma sun karɓi gaskiya. Ƙungiyar tasu tana gaya wa mutanenta su ci abincin da aka zuba wa B12 a masana'anta, ko su sha ƙwayarsa, aƙalla mikrogiram 10 kullum. Wanda ya kiyaye wannan, ya kuma haɗa hatsi da wake da ganye da ƴaƴan itace yadda ya kamata, yana iya zama lafiya. Watson kansa ya kai shekara 95, ya rasu a 2005. Gardamar ta ƙare ke nan: ana iya barin nama, ba a iya barin B12.

Waɗanda babu ta hana

Bigan na Turai ya zaɓi hanyarsa, kuma kantin magani na ƙofar gidansa. Amma mafi yawan masu rashin B12 a duniya ba zaɓa suka yi ba.

A 1962 likitocin garin Belor, a kudancin Indiya, suka ba da labarin wasu jarirai masu shan mama. An haife su lafiya. Bayan ƴan watanni sai yaro ya yi laushi, ya bar murmushi, ya ƙi abinci, wanda ya fara zama ya kasa. Da aka bincika, uwayen ne ba su da B12, don haka mamansu ma babu. Babba yana da rumbun shekaru. Jariri kuwa abin da uwa ta ba shi a ciki da abin da yake sha a mama, shi ke nan gare shi. Da aka ba yaran B12 suka farfaɗo. Amma likitoci sun gani a wurare da yawa cewa in aka makara, ƙwaƙwalwar yaro takan samu naƙasa mai daɗewa.

A ƙasar Kenya, yankin Embu, daga 1998 aka yi wani gwaji a makarantun firamare 12. Mutanen yankin manoma ne, abincinsu masara da wake. Da aka auna yaran, aka iske B12 ya yi ƙasa a jinin da yawansu. Sai aka riƙa ba wasu makarantu dafa-dukan masara da wake da ɗan nama, wasu da kofin madara, wasu da ƙarin mai kawai. Yaran da suka samu nama ko madara, B12 ya hau a jininsu. Waɗanda suka samu nama kuma sun fi ci gaba a gwajin basira. Ba rago aka yanka musu ba. Ɗan kaɗan ne, amma kowace ranar makaranta.

A gidajenmu

To, mu duba tamu tukunyar. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa, kuka: duka abinci ne mai albarka, kowanne da amfaninsa, kada a bar ko ɗaya. Amma babu wanda za a dogara da shi don B12. Akwai wani koren tsiro na ruwa da matan Kanem ta ƙasar Cadi ke tsamowa daga tafkuna su shanya, suna kiran sa dihe, wasu kuma sifirulin. Yana da kayan gina jiki, amma mafi yawan abin da ke cikinsa mai kama da B12 kama ce kawai, ba ya aiki a jikin mutum.

Kakanninmu ba su san sunan bitamin ba, amma sun bar mana fura da nono. Manomi ya kawo gero, Bafillatana ta kawo nono, aka dama, kowa ya samu abin da ba shi da shi. Kofi guda na nonon shanu yana ba da kusan rabin abin da babba ke bukata a rana. Na shanu da na tumaki sun fi na akuya B12 nesa, ko da yake na akuya ma abinci ne mai kyau. Cuku yana da shi. Ƙwai yana da shi, har da na zabi da ke yawa da damina. Kifi yana da shi, ɗanye ko busasshe, na Madarunfa ko na Tabalak ko na kogin Yamai. Hanta da ƙoda sun fi kowa.

Duk abin da ya raba talaka da nono, ya raba shi da wannan bitamin. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda dabbobi suka ƙare, aka riƙa dama fura da ruwa zalla. Yau ma in hatsi ya yi tsada, gidaje da yawa sukan sayar da ƙwai da nonon duka a kasuwa, ba a rage wa yara ko kaɗan.

Akwai abu huɗu da wannan tarihi ya koya mana.

Na ɗaya: kaɗan kaɗan kullum ya fi mai yawa rana ɗaya. Ɗan rakiyar da Castle ya gano ba ya iya ɗaukar kaya mai yawa a tafiya guda. Naman layya alheri ne, amma cin kwana uku ba ya riƙe mutum shekara. Ludayin nono cikin furar yau da kullum, ko ɗan garin kifi cikin miya, ya fi.

Na biyu: mai ciki da mai shayarwa su ne kan gaba, don suna ci ne saboda mutum biyu. Bayansu sai yaron da ya wuce wata 6, wanda aka fara ba abinci bayan mama. Kafin wata 6, mama kaɗai ya ishe shi, a ciyar da uwar. Maganar da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba ta da tushe. Ƙwai ƙwaƙwalwa yake ginawa. Hanta kuwa, mai ciki ta ci ɗan yanki jifa-jifa, kada ta yawaita, domin tana da bitamin A mai yawa, wanda in ya wuce kima yana cutar da ɗan ciki.

Na uku: ba kowane rashin jini ne rashin B12 ba. A ƙasarmu abin da ya fi kawo shi shi ne rashin ƙarfe a abinci, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da amosanin jini. Ƴan ƙwayoyin da ake ba masu ciki wajen awo, na ƙarfe ne da bitamin na ganye. A sha su yadda ungozoma ta ce, suna ceton rai. Amma ba su maye gurbin nono da ƙwai da kifi.

Na huɗu: wani yana cin nama amma tumbinsa ne ya gaza, kamar majinyatan Minot. Wannan ya fi samun tsofaffi. Masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan ƙwayar metformin su ma B12 yakan ragu a jikinsu. In tsoho ya fara kukan ƙafa ta mutu, harshe na zafi, yana tangaɗi, yana mantuwa, kada a ce tsufa ne kawai, kada a ce sammu ne. A kai shi gidan likita tun da wuri. Kada a sayi ƙwaya ko allura wurin masu yawo da magani cikin rana a kasuwa. Likita ne zai duba ya san abin da ya dace.

Ƴan'uwa, daga rubutun Addison zuwa ranar da aka ga jan garin nan shekara 93 ce. Mutane da yawa sun mutu kafin a sani. Mu mun iske sanin a shimfiɗe. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na kusa da shi. In an yanka kaza ko an sayo tsire, maigida ya tuna da mai ciki da mai goyo da ƙananan yara kafin ya kai hannu. In an tatsi saniya ko kaza ta yi ƙwai, a fid da na gida tukuna, sa'an nan a kai saura kasuwa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.